Hannun da Ba a Sa wa Lalle Ba

Na ga abubuwa da yawa a garin nan na Manzon Allah. Wasu na manta su, wasu sai an tuna mini. Amma abin da ya faru ana shirin bikin jikata, wannan ko ruɗewar tsufa ta zo mini ina jin shi ne zai rage a kaina. Ba zan manta da shi ba har a kai ni maƙabartar Baƙi'a, in Allah ya sa ina da rabon kwanciya a can.

Mu Hausawan Madina ne. A goye iyayena suka shigo da ni ƙasar nan, a nan na yi wayo, a nan na yi aure, a nan na tsufa. Ɗana na fari yana da wurin tsire a unguwar Ƙurban, Larabawa har layi suke yi masa bayan magariba. Matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ƙarama, ni na ɗauke ta na raina. Mutanen unguwa sun san halina. Ba na dariya a banza, ba na kuma barin abu ya wuce ta gabana ban san kansa ba. Yara kan ce ko ƙuda ne ya shigo gidana sai na tambaye shi ɗan gidan wane ne.

Lokacin da ake ta aikin faɗaɗa Harami, yarinyar ba ta kai shekara goma ba, ta bi ubanta wurin sana'a, injin niƙa nama ya kama mata hannun dama. Daga wuyan hannu aka yanke. Ba zan tsaya a kan wannan ranar ba, don ba ita na zauna faɗa ba. Ta dai tashi da hagu, da ita take ci, da ita take rubutu a makaranta. In muka je taro wata ta zuba mata ido don ta sa hagu a kwano, kallo ɗaya nake yi wa matar ta koma kan abincinta. Duk Sallah kuwa ni ke sa mata lalle, hannu ɗaya, ta tura dungun cikin abaya ta fita wurin ƙawayenta.

Ta zama budurwa, ta gama karatunta, lokacin jawwal, wato wayar hannu, ya fara shiga hannun kowa. Akwai wani likita Bakano da ya zo daga Najeriya yana aiki a wani asibiti a nan, yana sayen tsire wurin ɗana. Shi ya ce masa a ƙasar Turai an fara dasa wa mutane hannu. Da ɗana ya kawo mini maganar na ce, "Kai dai ka cika saurare. Dabino ne da za a dasa?" Ashe gaskiya ne. Aka tambayi malamai suka ce babu laifi. Aka yi ta takardu, aka yi ta jira har na cire rai, sannan suka tafi ita da ubanta suka daɗe. Da suka dawo, sai ga jikata da hannu biyu.

Hannun wata mata ce da ta rasu a can, danginta suka bayar. Ya fi nata haske, kamar launin alkama, ga ɗinki ya zagaye sama da wuyan hannun kamar awarwaro. Mata suka cika gidan, masu kuka na yi, masu guɗa na yi. Ni kuwa na kama shi na juya ciki da baya, na duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ɗuminsa. Na yi wa mai shi addu'a a zuciyata. Ban san addininta ba, na bar wa Allah wannan.

Likitan nan Bakano shi aka danƙa wa kula da ita a nan, yana waya da na can. Ran da muka fara zuwa wurinsa ya dube ni ya ce, "Mama, an ce ke ce mai gidan, to ke zan gaya wa. Jiki bai san kyauta ba. Duk ranar da ya farga wannan ba nasa ba ne, zai taso masa da faɗa. Magungunan da take sha su ke lallashinsa. In faɗan ya tashi, a fata ake fara gani, ja-ja, ƙananan ƙuraje, wani lokaci da kumburi. In an gani da wuri muna kashe shi. In aka bari ya yi nisa, hannun zai tafi."

Na ce, "To, ɗan nan, garin nan da zafi. Yaya zan gane ba ƙurajen zafi ba ne?"

Ya ce, "Ƙurajen zafi ba ruwansu da ɗinki, ko'ina fitowa suke. Wannan kuwa a kan baƙuwar fata kaɗai yake, yana zuwa ɗinki ya tsaya. Kuma a hasken rana za ki duba, ba na fitila ba."

Shi ke nan na sami aiki. Kullum da hantsi sai na kira ta bakin taga, ta miƙo hannu, in bi shi da ido kamar mai tsintar shinkafa. Tana ƙunƙuni da Larabci, don yaran da aka haifa a nan ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. "Halas, ya sitti, ba komai!" Wato ya isa haka, kaka. Ni kuwa in ce, "Ba ke na tambaya ba, shi nake tambaya." Aka yi ta gashi, aka yi ta motsa yatsu. Wata rana ina zaune sai na ji an mintsine ni a cinya. Na juya zan yi faɗa, sai na ga da wane hannu aka yi mintsinin. Ranar ban yi faɗa ba. Daga nan ta ɗaga kofin shayi, daga nan ta riƙe allura. Matan unguwa suna tsokanarta wai hannun Baturiya ba zai iya tuwo ba. Ta ɗora tukunya a gabansu ta tuƙa, ko gudaji ɗaya babu, suka cinye suna cewa ashe matar can ma ta sha wahalar miji.

Sai maganar aure. Wani malamin makaranta ne daga unguwar Ranuna, yaro mai kunya, tun tana da dungu yake aikowa, ita ce ta ce a dakata. Da ya zo gaishe ni na ce masa, "Ka sani dai biyu za ka ɗauka, yarinya da baƙonta. Baƙon kuma ya fi ta rigima." Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji ya gani. Aka sa rana, aka kama wurin biki.

Yayar mahaifiyarta tana zaune a unguwar Aƙiƙ. A Sudan ta tashi, kuma duk Hausawan Madina babu wadda ta kai ta gyaran amarya. Ta zo gidana ta zauna ta ce, "Hajiya, kin yi naki, Allah ya saka. Yanzu nawa ne. 'Yar ƙanwata ce, ba za a ce ina gyara 'ya'yan mutane tawa ta shiga ɗaki haka nan ba." Gaskiyarta ce. Al'adar kuwa ita ce a ɓoye amarya a ɗaki, a saki labule, rana ba ta taɓa ta don fatarta ta yi haske da laushi. Kullum a murje ta da dilka, wannan haɗin na gari da turare da ake goge jiki da shi, a zaunar da ita kan hayaƙin itace mai ƙamshi har ta yi gumi. In an gama sai lalle, sai daren gumra da mata ke taruwa a yi mata waƙa. Dangin uba kuma ba sa leƙawa, sai an fito da ita su gani su yaba.

Na ce na yarda, amma magani a kan lokacinsa, hannu a duba shi kullum, lalle kuma sai na tambayi likita. Na tambaya, ya ce a bar na daman haka nan, don duk abin da zai rufe fatar ya rufe mana ido. Na gaya wa yayar uwar tata, ta ce, "In sha Allah, Hajiya." Na san irin wannan in sha Allah ɗin, na ji shi a bakin masu shago.

Daren da za ta tafi, wato da magariba, jikata ta zo ta zauna kusa da ƙafata. A ranar, da Hausa ta yi mini magana, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Sitti, tun ina ƙarama hannu ɗaya kike sa mini. Sau ɗaya dai a rayuwata in ga biyu." Sai na ce ta tashi ta haɗa kayanta.

Ta tafi, gidan ya yi mini faɗi. Hantsi ya yi in tashi in nufi taga, sai in tuna. Kullum ɗana yana kira mini ita a jawwal, in ce yaya baƙo, ta ce lafiya lau. Ana nan har ranar da za a sa lalle. Na ce, "Kin duba shi a rana?" Ta yi dariya ta ce wace rana, ai hala ko labule ba ta bari a taɓa. Hala ita ce yayar uwar tata, haka suke faɗa da Larabci. Sai ta ƙara da cewa, "Yana ɗan yi mini ƙaiƙayi, amma hala ta ce dilka ce, duk amare suna yi."

Na miƙa wa ɗana wayarsa na ce ya tayar da mota. Ya ce, "Inna, nama na kan wuta. Kuma kin san ba a zuwa. Za ki ja mana magana."

Na ce, "Naman ya ƙone. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Tun daga matakala nake jin kiɗa da ƙamshi. Na bar shi a mota na hau. Falo cike da mata, ana shan shayi ana shewa, suka gan ni suka yi tsit. Wata tsohuwar ƙawata ta ce, "Lale da shurɗa! Wa ya yi laifi?" Wato 'yan sanda sun iso. Ban kula ta ba, na wuce ɗakin amarya. Duhu, sai wata fitila ja-ja a kusurwa, hayaƙi ya cika ko'ina. An gama ƙafafu, an gama hannun hagu, zane kamar a takarda. Hannun dama yana kan matashi, halar ta riƙe shi, ga lalle a ɗaya hannun nata za ta fara.

Ta ce, "Haba Hajiya! Ko sallama?"

Na ce, "Salamu alaikum. Ajiye wannan."

"Ganye ne zalla, ni na daka da hannuna, ba na kanti ba ne. Yarinya ta roƙe ni har da hawaye. Ranar aurenta a ce hannu ɗaya fari fat, mutane su ce ƙyamarsa muke yi?"

Na ce, "Zan gan shi a rana tukuna. In lafiya yake, ma yi wannan rigimar."

Na kama jikata, tana takawa da dunduniya don kada lallen ƙafa ya ɓaci, na bi da ita ta tsakiyar mata na hau da ita saman soro. Sai salati ya tashi a bayana. "Amarya a rana! La ilaha illallah, ta ɓata aikin kwana da kwanaki!" Suka biyo mu duu, har da mai riƙe da butar shayi.

La'asar ce, rana tana nan da ƙarfinta. Na goge man da ke kan hannun da gefen mayafina, na ɗaga shi. Bayan hannun duk ɗigo-ɗigo ne ja, kamar an yayyafa barkono, wasu sun haɗe sun yi faci, yatsun sun ɗan tasa. Halar ta leƙo ta ce, "Ai na faɗa miki, dilka ce." Na naɗe hannun rigar zuwa gwiwar hannu, na sa yatsana a kan ɗinkin. Ƙasa da shi ja, sama da shi fatar jikata sumul, ko ɗigo ɗaya babu. Kamar an ja layi an ce kada a tsallake.

Na ce, "Duk jikin kika murza ko nan kaɗai?"

Matar nan ta shekara talatin tana aikin fatar mutane, ba sai an yi mata bayani ba. Ta kama hannun ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ɗaga na hagun ta duba damtsen. Ta ce, "Wannan ba dilka ba ce." Ta juya ta daka wa matan tsawa su ba da hanya, ita da kanta ta sauka da gudu ta ɗauko abaya. Haka muka sa amarya a mota, ƙafa da ɗanyen lalle an ɗaura mata leda, ubanta yana tuƙi yana ta hasbunallahu.

Likita ya duba, ya yanki 'yar fata kamar ƙwayar gero aka kai ɗakin gwaji, ya shiga waya da mutanen can. Da ya fito ya ce, "Shi ne. Jikin ya fara ƙin hannun. Amma kun zo yana farawa." Halar ta fashe da kuka ta ce ita ta jawo. Ya ce, "Hajiya, mai yiwuwa murza da zafin hayaƙi ne suka tashe shi, mai yiwuwa kuma dama zai zo, yakan zo ba dalili. Ba na ɗora wa kowa. Abin da na sani, da lallen nan ya hau, sai ciwon ya yi makonni yana ci a ƙarƙashi ba mai gani." Aka ba ta gado, aka sa mata magani mai ƙarfi ta jijiya, da wani na shafawa. Ya ce yanzu sai jira, ko ya ja da baya ko ya ci gaba.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Na sa aka tura gadon bakin taga. Washegari jan ya ƙara duhu, ban gaya mata ba, amma ta gani a fuskata. Ta ce, "Sitti, ba bikin nake ji ba. Na saba da shi ne." Na ce ta yi mini shiru, ba inda za shi. Na faɗa ne kawai, ni ma ban sani ba.

Ɗana ya je Ranuna ya gaya wa surukai dole a ɗaga biki. Muna tsoron abin da za su ce, ga baƙi sun taso daga Makka da Jidda. Sai ga angon da kansa a asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa don kunya, da kwalin dabino a hannu. Na fita na ce, "Ka ga abin da na gaya maka. Baƙon ya yi yaji." Ya ce, "Sitti, ai in an yi yaji biko ake zuwa. Ga ni na zo." Nan na ji dariya ta kuɓuce mini a gaban ma'aikatan asibiti. Daga ciki ita ma muka ji tana dariya.

Ko bikon ne ya karɓu ko maganin ne, Allah dai ya yi ikonsa. Wani hantsi na ɗaga hannun na ga jan ya koma ruwan ƙasa. Bayan nan ya fara dusashewa, kumburin ya saɓe, fatar ta yi 'yar saɓa ta fito sabuwa. Aka sake yankar 'yar fata, likita ya shigo yana murmushi tun daga ƙofa ya ce, "Mama, an yi sulhu." Halar, wadda tun ranar farko ba ta bar asibitin ba, ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin marasa lafiya har wata ma'aikaciya ta shigo a guje.

Bayan ta warware aka sake sa rana. A gidana aka yi gyaran wannan karon, labule a ɗage, dilka ta tsaya a kafaɗa. Halar ta zana mata ƙafafu, ta zana hannun hagu, ta zo kan na dama ta shafa masa man da likita ya bayar, ta sumbace shi ta ajiye. Jikata kuwa na ga tana ta kallon hannayen biyu.

Ranar gumra muka shiga wurin biki, na zauna inda nake ganin kowa kamar yadda na saba. Halar ta zo wucewa, na ga hagunta ya sha lalle har gwiwar hannu, damanta kuwa fari. Na ɗauka aiki ne ya hana ta. Sai ga 'ya'yanta haka. Sai ga uwar ango haka, da ƙannensa, da ƙawayen amarya, har da tsohuwar nan mai kirana shurɗa. Ashe gida-gida matar nan ta bi, duk wadda ta zo ƙunshi wurinta ta ce mata bikin nan na hannu ɗaya ne, mai son biyu ta nemi wani bikin. Da aka fito da amarya, aka ɗaga murya da waƙa, sai duk suka ɗaga hannayen dama sama suna juyawa. Yarinyar ta tsaya cak. Ta dube su, ta dubi nata, sai ta ɗaga shi ita ma, tana kuka tana dariya, kwalli duk ya zubo. Ni da ko a bikin 'ya'yana ban taɓa tashi ba, ranar sai ga ni a tsakiyar fili. An ce wai har juyi na yi. Ban tuna ba, kuma ban yarda ba.

Yau 'ya'yanta uku, da hannun take dungure musu kai. Ya sake yin yaji sau ɗaya bayan haihuwar fari, mijinta ne ya gani, don na koya masa duba tun kafin in ba shi ita. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa. Wannan labarin ina faɗa ne tana rubutawa, da hannun, tana yi tana gardama wai juyin da na yi har biyu ne.

Abin da na koya shi ne, duk abin da aka ba ka amana kada ka yarda a rufe maka shi, ko da ado ne za a rufe shi, ko da masu ƙaunarsa ne za su rufe. Matan nan ba mugunta suka yi ba, so ne, kuma da na tsaya jin kunyarsu da son nan ya cinye hannun. Al'ada tamu ce, mu muka yi ta, in ta zo za ta cuci ɗanka ka ce mata ta dakata, za ta dakata, har ta samo wata hanyar da ta fi kyau. A ce maka mai tsanani na yini ɗaya ba ya kashe mutum. Ni an faɗa mini, ga ni nan da raina.